Sunan da ke Bayan Tagulla

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinsu a Ulaisha, Malam Maiwada ba ya tsayawa hira. Zai sayi burodinsa na tamis guda, ya ratsa ta bayan shagunan teloli, ya ɗaga ƙofar shagon da ya shekara ashirin da shida yana ɗagawa. Shagon na kafilinsa ne, Balaraben da ke riƙe da takardar zamansa. Garkuwar yabo ake yi a ciki, wadda Larabawa ke kira dir'i: katako mai sheƙi, da fallen tagulla a tsakiya ɗauke da sunan wanda ake karramawa. Riyad kuwa gari ne da taro ba ya tashi sai an miƙa wa wani irinta an ɗauki hoto.

Abin da masu tafi ba su sani ba shi ne inda garkuwar ke ƙarewa. Ofis zai tashi, ko shugaba ya sauka, sai a kwaso na bango a zuba a kwali, su dawo shagon. Aikin Malam Maiwada shi ne ya mayar da tsohuwa sabuwa. A sauran shaguna ana kankare rubutun da inji ne. Shi ko tun ranar farko ya ƙi, domin yawancinsu da Bisimilla suke farawa, ya ce hannunsa ba zai niƙe sunan Allah ya zama ƙurar da za a taka ba. Sai ya samo dabara: ya kwance ƙusoshin nan huɗu, ya juya tagullar, ya goge bayanta har ta ɗauki ido, ya zana sabon suna a nan. Tsohon sunan yana ciki, ya jingina da katako, babu abin da ya same shi.

Ni ɗalibin tarihi ne a Riyad, nakan zauna a shagonsa, kuma ɗalibi bakinsa ba ya zama shiru. Wata rana na ba shi labarin biranen Rumawa na ƙarshen zamaninsu, yadda suke ɗauko mutum-mutumin wani babba da aka manta, su cire kan su ɗora na sabon gwamna, dutsen da yake tsaye a kai kuma su kankare sunan ko su juya shi su rubuta wani. Na zaci zan burge shi. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Masu juyawar sun fi tsoron Allah," ya ce. "Miƙo min sukundireba."

Yadda ka ji nan haka yake. Ba ya dogon zance, shayinsa ba sukari, kuma in ka taɓa masa kayan aiki za ka ji a jikinka. Amma a watan Maris na 2016 na ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

Wata Laraba wata mata ta shigo shagon da 'yarta budurwa. Sunanta Hansai, mutuniyar Maraɗi, ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta, Harouna, direban bas ne na 'yan makaranta. An binne shi a maƙabartar Al-Oud, inda kabari ba ya ɗauke da suna, kuma zamansu a ƙasar ya ƙare da rasuwarsa. Ran Lahadi jirginsu zai tashi. Ta miƙa wa Malam Maiwada hoto: ga Harouna cikin farar jallabiya, riƙe da garkuwa, yana murmushi.

"Baba, kamfani sunka ba shi, shekara ashirin da biyu bai taɓa buge ko akuya ba," ta ce. "Da anka ɗauki hoto sai mudir, shugaban kamfanin, ya ce a rataye ta a ofis. Na tai can, sun ce halas, wai magana ta ƙare, sun zubda tsoffin kaya tun bara waccan. An ce in tambaye ka. Ɗiyag ga, Delou, nan anka haife ta, ba ta san kowa ba a gida. Ina so ta shiga dangin ubanta da wani abu nashi a hannu."

Malam Maiwada ya daɗe yana kallon hoton. Ya tuna garkuwar sarai, don a cikin dubban da suka bi ta hannunsa, sunan Bahaushe bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Ya juya ta shekara biyu da suka wuce, an ba wani shugaban makaranta mai ritaya a Al-Jaradiya, ana ce masa Abu Salih.

Matsalar ita ce masu saye sun ɗauka sabuwa fil suke karɓa. Da kafili ya ji Malam Maiwada na shirin zuwa ya roƙo tagullar, ya ce kul. Ya kuma tuna masa, ba tare da ya ɗaga murya ba, cewa saura wata ɗaya a sabunta masa iƙama, wato takardar zamansa. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, na ba shi shawarar ya zana mata wata sabuwa daga hoton, wa zai gane?

"Ni zan gane," ya ce. "Wadda ya riƙe da hannunsa take nema. Jumma'a bayan la'asar ka zo ka raka ni, Larabcinka ya fi nawa tsafta."

Mun je. Abu Salih ya karɓe mu da gahawa da dabino, garkuwar tana saman kabad a falon baƙi, inda duk mai shigowa zai fara gani. Da na gama bayani fuskarsa ta canza. Shekara talatin da biyar yana koyarwa, ashe abin da aka sallame shi da shi kwance ne? Ya faɗi maganganu masu zafi waɗanda ban fassara ba. Malam Maiwada bai kare kansa ba. Ya nemi izini kawai, ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance ƙusoshin a kan kafet, ya juya tagullar ya miƙa masa.

Dattijon ya sa tabarau ya karanta a hankali. Harouna Mahamane, direba, shekara ashirin da biyu yana kai yara makaranta lafiya. Ya sake karantawa. Sai ya ce kullum da safe yana tsaye bakin ƙofa basa-basai suna sauke masa ɗalibai, bai taɓa tambayar sunan direba ko ɗaya ba. Ya miƙo tagullar da hannu biyu.

"Ka kai wa 'yarsa. Sunana da ke ɗaya gefen kada ka goge, ka bar ni a bayansa."

Ran Asabar Delou ta karɓa. Hausarta ba ta da ƙarfi, da Larabci ta karanta sunan ubanta a bayyane, ta bi haruffan da yatsa, ta rungume tagullar a ƙirji. Hansai ta yi masa godiya tana kuka. Na yi alfahari da mutumin nan a ranar, alfaharin da ban taɓa yi da wani mai digiri ba. Kafili ya yi sati uku ba ya amsa masa gaisuwa, a ƙarshe dai ya sa hannu a iƙamar, don ya san ba zai sami irinsa ba.

Malam Maiwada, kai ne mai rufa wa suna asiri. Ka zana sunayen manya dubu, naka bai taɓa hawa bango ba. An ba ka aikin sharewa ka mai da shi aikin adanawa, kuma da ranar gwaji ta zo, ka ɗora zamanka a ƙasar nan a kan sikeli saboda marainiyar da ba ka haɗa komai da ita ba.

Bana, 2018, idonsa ya fara gajiya, zai koma Gumel. Mu 'yan ƙasa muka haɗu muka sa aka yi masa garkuwa a wani shagon, sabuwa dal. Ana miƙa masa, gaban jama'a, ya laluba aljihu. Muka fashe da dariya, don mun san abin da zai fito da shi. Ya kwance ta ya duba bayan, ya ga fili.

"Madalla, tagullar mai kauri ce," ya ce. "In na wuce a juya ta, wani ma ya samu."

Mun gode, Malam. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Mu kuma da muka rage, masu tuƙi da masu gini da masu riƙe alƙalami, duk wanda aka damƙa wa sunan wani a hannunsa ya riƙe shi yadda dattijon nan ya riƙe. Garkuwarka kuwa, Malam, sai dai ka yi haƙuri, mun riga mun gaya wa 'ya'yanka su ɓoye sukundireba.