Baba Rabi'u, Mutumin da Ya Tuge Turken Gwaggo

Ana sallame sallar asuba a Nahuce, Baba Rabi'u zai ɗaura damin rake a bayan tsohon babur ɗinsa, ya kama hanyar Gusau. Kafin masu shayi su gama hura wuta ya isa lambun dabbobin Alhaji Bashiru da ke bayan gari. Zai ɗora ruwa a murhu, ya zuba gishiri, ya ɗauki bokiti ya nufi giwar da kowa ke kira Gwaggo. Sai ya durƙusa gabanta ya ce, "Miƙo ƙafa." Ita kuma, duk girman nan nata, ta ɗaga ƙafa ta ɗora masa a kan kututture kamar amaryar da za a sa wa lalle. Ya wanke, ya duba farce, ya share tsakanin yatsu. Shekara da shekaru haka yake fara yininsa.

Makon jiya ya ajiye aiki saboda gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don akwai labarin da masu zuwa ɗaukar hoto ba su sani ba.

Alhaji Bashiru ɗan kasuwar hatsi ne. Lokacin da aka rufe wani gidan zoo a wata jiha, shi ya karɓi 'yar giwar da aka rasa inda za a kai ta. Da ya shiga neman mai kula da ita, bai wuce karar Tsafe ba, inda ake cinikin dabbobi. Duk wanda ya tambaya, suna ɗaya yake ji: Rabi'u na Nahuce, wanda ragonsa na layya sai an kama masa ƙugu yake hawa mota. Dabarar kuwa kowa ya san ta. Dabbar da kake so, turke ta kake yi a inuwa, ka kawo mata dusa da harawa har gabanta, ka hana ta yawo don yawo na cinye ƙiba.

Haka aka yi wa Gwaggo, kuma wallahi don ƙauna aka yi. Alhaji ya sa aka malale mata ɗaki da siminti, aka rufa kwano, aka kafa turken ƙarfe da sarƙa. Ranar Sallah layi har bakin titi. Tana tsaye dab da shinge, tana kaɗa kai dama da hagu, dama da hagu, ba ta fasawa. Mutane suka ce rawa take. Har makaɗa ake ɗaukowa su buga mata kalangu, ana liƙi ana shewa.

Sai ta fara ɗingishi. Farcen ƙafar gaba ya tsage, ya soma ruwa, wari ya tashi. Baba Rabi'u ya gwada duk abin da ya sani na tumaki, abu ya ƙi. Shi da kansa ya je ya ɗauko Dakta Asiya, likitar dabbobi, a bayan babur.

Isah, direban Alhaji, yana wurin, shi ya ba ni labarin. Ya ce Dakta ta daɗe tana duban ƙafar, sannan ta ɗago.

"Baba, wa ya ce maku tunkiya ce?"

"Ɗiyata, mi na rage ta da shi? Ci take ta ƙoshi."

"Ƙasa kuka rage ta da ita. Giwa a daji yini take tana tafiya. Simintin nan ne ke cin ƙafarta. Randa ta kwanta ta kasa tashi, shi ke nan, babu likitan da zai ɗaga ta."

"To, rawar fa?"

"Ba rawa ba ce, Baba. Ƙunci ne."

Isah ya ce Baba Rabi'u ya tsaya yana kallon giwar tana kaɗa kai, har hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Wani dattijon da an gaya masa haka, musu zai kama, ya ce yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya masa kiwo? Kai kuwa, Baba, cewa ka yi, "Zana mani abin da take so." Nan ka fara burge ni.

Dakta ta zana a ƙasa da tsinke: fili mai faɗi da za a yi tafiya a gaji, yashi a nan, kududdufin taɓo a can, itatuwan inuwa a warwatse, a kewaye da rami mai zurfi maimakon sarƙa. Filin kuwa akwai shi, a bayan lambun, da tsamiya da gawo a ciki. Matsalar ɗaya ce. Alhaji ya riga ya sauke bulo zai gina ɗakin biki a wurin.

"Malam Rabi'u," in ji Alhaji, "wa zai yanki tikiti ya zo kallon giwa daga nesa kamar jinjirin wata? A ƙara mata magani."

Baba Rabi'u bai ja da shi ba. Ya koma gida, ya zauna da matarsa Inna Zulai. Yana da gonar gado a bakin titin Bungudu, wadda dillalai suka daɗe suna zagaye. Ya gaya mata abin da ya ƙudura.

"Gonar tsohonka za ka ba giwa, Malam?" ta ce. "To in damina ta faɗi, sai ka shuka gero a bayanta, ai da faɗi."

"Ni na ɗaure ta, Zulai."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Je ka. Amma ka faɗa ma Alhaji a kasuwa, gaban mutane, kar ka same shi a gida."

Inna Zulai ta san 'yan kasuwa. Washegari Baba Rabi'u ya sami Alhaji a rumfarsa, abokan ciniki sun kewaye shi, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Alhaji, ga gonata ta bakin titi, ka yi ɗakin bikinka can. Ka bar ma Gwaggo filin baya." Wani dillalin masara ya ce, "Alhaji, yau mai kiwonka ya riga ka kyauta." Aka kwashe da dariya. Alhaji ya gyara hula, ya sake gyarawa.

"Ni Bashiru za a ce an fi ni hannu a kasuwar nan? Riƙe gonarka. Filin na ba ta. Amma ramin, kai ka san yadda za ka yi da shi."

Gayya Baba Rabi'u ya kira. Ya bi Nahuce da Kekun Waje gida gida, ya aika har 'Yankuzo wurin abokan kiwonsa. Turken ƙarfen nan ya tuge shi ya kai maƙera, aka ƙera diga da shi. Makaɗan da suka saba kaɗa wa Gwaggo, su ya sa suka kaɗa wa masu haƙa. Inna Zulai da maƙwabtanta suka riƙa dama fura a manyan robobi. Duk ranar da ba kasuwa, maza na cikin rami, Dakta Asiya na bisa da igiyar awo tana cewa a ƙara zurfi, su kuma suna cewa ko rijiya take so ta faɗa masu gaskiya.

Ranar da aka buɗe ƙofa, jama'a sun taru su ga giwa ta sheƙa da gudu. Gwaggo ta tako, ta tako, ta kai daidai inda sarƙa ta saba tsayar da ita, ta tsaya cak. Babu komai a ƙafarta, amma ta ƙi ƙara taku. Ta koma kaɗa kai. Mutane suka watse suna cewa an yi wahalar banza.

A nan ne na san ko kai wane ne, Baba. Kai da ka yi suna wajen kai wa dabba abinci har baki, sai ka juya sana'arka baibai. Ka ajiye rake inda sai ta miƙa hanci. Gobe ka matsar da shi kaɗan. Kana gaba da gwiwarka mai ciwo kana cewa, "Taho, Gwaggo, ƙasa ce, ba ta cizo." Wata ya mutu, wani ya kama, ba ka gaji ba. Daga baya ka koma ɓoye mata abinci, a kogon tsamiya, a ƙarƙashin yashi, a reshen gawo, don dole ta nema. Isah ya rantse mani ranar da ta fara kwasar ƙasa da hanci tana watsa wa bayanta, sai da ka yi sujada a wurin.

Ƙafar ta warke. Kaɗa kan ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba, kuma Dakta ba ta ɓoye dalili: giwa ba ta zama ita kaɗai. Da Alhaji ya ji haka ya ce a nemo mata 'yar'uwa, Baba Rabi'u ya ce a fara nemo filin tukuna, in kuma an sami inda 'yan'uwanta suke da sarari fiye da nan, a kai ta can, ko da lambu zai rasa abin kallo. Maganar tana kan tebur har yau. Masu tikiti kuwa in sun yi ƙorafin ba su gan ta ba, amsar Baba ɗaya ce: "Ku taka ku neme ta. Ita ma ta daɗe a tsaye tana jiran ku."

Ranar sallamarsa na je. Ya miƙa wa Umaru, wanda ya gaje shi, bokiti da burushi, sannan ya tsaya bakin tsohon ɗakin siminti ya ɗaga murya, "Gwaggo, miƙo ƙafa." Shiru. Ya sake kira. Can ƙarshen fili muka hango bayanta, jajir da taɓo, tana karya reshe, ko waiwaye ba ta yi ba. Umaru ya ji nauyi, ya ce bari ya je ya koro ta su yi ban kwana.

Baba Rabi'u ya riƙe masa hannu yana dariya.

"Ƙyale ta. Ba ta ji ba, ta yi nisa."

Mun gode, Baba Rabi'u na Zulai, mai tuge turke. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa wa gonar gado albarka. Duk mai shirin ajiye giwa don a zo kallo, ya fara zuwa Nahuce ya gaishe ka, ya auna filinsa kafin ya sayi sarƙa. In filin bai kai a kira ta ta kasa ji ba, ya bar ta inda take.