Moɗar Baffa Badaru

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Sha'aban, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran yayan mahaifina, Malam Badaru Ƙasimu, a ɗakinsa da ke gidanmu a Gidan Dallatu, gabas da Ɗambatta. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, bayan doguwar jinyar hawan jini. An kai shi makwancinsa kafin magariba.

Baffa, ni ce Zuliha. Ka fi kowa sanin cewa ba na iya magana a gaban mutane. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin da na gama aji shida da shi, nake rubuta abin da na kasa faɗa maka.

Ka dawo gida shekara uku da suka wuce, a shekarar da damina ta fara yi mana gardama. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, rijiyar unguwa ta ja ƙasa har sai da aka ƙara wa guga igiya. Kafin ka iso, labari ya riga ka: wai a tashar nukiliya ka yi aiki a ƙasar waje. Mu kuwa ba mu taɓa jin wannan kalma a rediyo ba sai tare da bam da mutuwa. Sai aka ce jikinka ya sha guba, duk wanda ya haɗa baki da kai a kwano ko a moɗa zai kwasa. Babu wanda ya faɗa maka ido da ido. An dai ware maka kwano, aka ɗaura jan zare a hannun moɗarka, aka kafa mata ƙusa daban. Da ka gani, murmushi ka yi, ka ce, "Har da ado aka yi min."

Ni aka ɗora wa kai maka abinci, don ni ce ba na musu. Nakan ajiye in juya da sauri. Wata rana ka ce in tsaya, ka nuna min wani ɗan kati da kake maƙalawa a ƙirji a wurin aiki, wanda ke auna abin da ya taɓa jikin ma'aikaci. Ka ce duk wata ake duba shi, kuma bai taɓa kusantar iyaka ba. Ka ce, "Zuliha, in kin wuni a rana a gona, kina shigo da ranar cikin ɗaki ne?" Na girgiza kai.

Daga ranar ka fara ba ni labarin aikinka. Ka ce a tashar akwai wata tukunyar ƙarfe da ta fi ɗakinka girma, zafin cikinta ake mayarwa wutar lantarki. Ko an kashe ta ba ta hucewa nan take, dole ruwa ya yi ta zagayawa a cikin bututu yana kwashe zafin. Idan ruwan ya tsiyaye, abin da ke cikinta yana iya narkewa, garuruwa su tashi. Kai ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Hukumar da ke sa ido ce ta ajiye ka a can don ka duba su. Ka ce ko shayinsu ba ka sha, don kada wata rana kunya ta riƙe maka alƙalami.

Labarin da na fi so shi ne na ranar da ka ga wani farin abu kamar kanwa ya bushe a mahaɗar wani bututu. Ruwan tashar yana da wani sinadari da ke barin irin wannan tabo duk inda ya ɗiga. Manajan ya ce ruwan da ke raguwa bai kai ma'aunin da doka ta hana ba, a bari sai lokacin gyara nan da wata huɗu, ga sanyi, mutane suna bukatar wuta. Ka ce masa ɗigon da aka san bakinsa yana iya jira, amma wanda ke fitowa daga jikin ƙarfe ba a ba shi ko kwana ɗaya. Ka rubuta rahoto, hukuma ta sa aka tsayar da tashar. Da aka buɗe, sai ga tsaguwa kamar silin gashi.

Na ce, "Sai me ya faru, Baffa?"

Ka yi dariya har da tari. "Ba komai. Aikin ke nan. In mun yi shi daidai, babu labarin da za a bayar."

Bayan nan ka naɗa ni sufeton randar gidanmu. Randar Iya Sauda ce, kakata, mahaifiyarka, da ita aka kawo ta gidan nan. Ka fere min kara, ka yi masa tsaga-tsaga daidai faɗin yatsa. Ka ce kowace randa tana naso, da shi ma take sanyaya ruwa, amma naso daban, yoyo daban, kuma ido ba ya rabe su sai da awo. Da magariba in an gama ɗiba in zura karan in sa alama da gawayi, da safe kafin kowa ya taɓa in sake zurawa. Wata biyu ruwa yana sauka yatsa ɗaya. Sai wata Asabar na ga yatsa biyu. Washegari biyu da rabi. A lokacin kuwa Umma da sauran mata sukan yi rabin wuni a bakin rijiya kafin su cika tulu uku.

Ban kai rahoto ba. Wa zai je ya ce wa Iya randar aurenta ta fashe?

Ranar Talata ka ce, "Sufeto, ina rahoto?" Na miƙa maka karan. Ka duba alamomin, ka ce tun yaushe, na ce tun Asabar. Ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Idonki ya yi aikinsa. Bakinki ne ya makara da kwana uku. Kuma ba ni za ki faɗa wa ba, mai randa za ki faɗa wa."

Na je na durƙusa gaban Iya, na faɗa mata randarta tana yoyo.

"Ke tafi can," in ji ta. "Randar da ta girmi ubanki? Naso ne."

Idonta ya riga ya yi rauni, don haka na kama yatsanta na ɗora a kan tsagogin karan, na ƙirga mata. Ta sa aka juye ruwan aka kwantar da randar. Ƙasan wurin ya zama taɓo, ga tsaguwa a gindinta. Babana ya liƙe ta da siminti. Iya ta yi ta faɗa wa baƙi, "Ku yi a hankali, gwamnati ta tare a gidan nan."

Baffa, yanzu na zo kan abin da ya sa nake rubutun nan. Ranar da aka sake cika randar, ka sauko da moɗarka daga ƙusa, ka ɗiba, ka sha, ka miƙo min sauran. Ka ce, "Sha ki ji ruwan da kika ceto." Na dubi jan zaren. Umma tana tsaye a ƙofar madafa tana kallona. Na ce, "Na ƙoshi, Baffa." Ka ce, "To, madalla," ka zuba ruwan a gindin zogale. Ba ka ƙara miƙo min ba, ba ka kuma canja min fuska ba. Wallahi na yarda da duk abin da ka faɗa min game da katin nan. Kunya ce da tsoron idon mutane. Kullum ina cewa gobe zan ɗauki moɗar in sha a gabanka, har goben ta ƙare.

Ranar sadakar uku, mata sun cika tsakar gida, sai na ga ƙanwarka, Goggo Asiya, ta naɗe kwanonka da moɗarka a tsumma, ta ce a kai bayan gida a binne. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Goggo, ba shi da guba. Shi ne yake tsare mutane daga gubar." Muryata ba ta fita sosai ba, sai da na maimaita. Na zare moɗar daga tsumman, na buɗe randa, na cika ta, na shanye a tsaye. Umma ta ce, "Zuliha!" Goggo ta ɗauki salati.

Sai Iya ta ce daga kan tabarmarta, "Ɗebo min."

Na ɗebo. Da ta karɓa, yatsanta ya taɓa zaren. Ta shafa shi, ta sake shafawa, ta ce, "Wannan fa? Wa ya ɗaura?" Ashe duk shekara ukun nan ba ta sani ba, kai kuma ba ka taɓa kai mata ƙara ba. Ka san ba ta faɗar sunanka, da yake kai ne ɗan farinta. Ran nan ma ba ta faɗa ba. Ta daɗe tana kwance zaren da farcenta, sannan ta ce, "Ashe haka yaron nan ya zauna a gidan ubansa." Ta sha. Yanzu moɗar tana kan murfin randa, kowa da ita yake sha, har Goggo.

Ba ka gani ba, Baffa. Na sake makara. Har yanzu ina zura karan kowace safiya. Yau yatsa ɗaya ne. Nakan juya wajen ƙofar ɗakinka da shi a hannu kafin in tuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Sauda, da 'yarka Yaya Sakina da ke aure a Bacirawa, da babana Malam Mati, da Goggo Asiya, da mutanen wancan gari mai nisa da suka kwana lafiya ba su san sunanka ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa amanar da ka riƙe ta zame maka inuwa ranar da babu wata inuwa. Ya yafe mana abin da muka yi maka cikin rashin sani. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, Ya haɗa mu a can, ka miƙo min in karɓa. Amin.

'Yarka,
Zuliha Mati