Ruwan Zafi a Tankin Kawu

Da na watsa abincin, ko ɗaya bai taso ba. Nan gabana ya faɗi. In kun taɓa ciyar da 'ya'yan tarwaɗa, kun san yadda suke wawaso har ruwan ya yi kamar yana tafasa. Ran nan kuwa lafewa suka yi a ƙasan tanki, abincin yana ta yawo a sama.

Shekarata goma sha uku a lokacin. Mamana ce ta kawo ni gidan yayanta a Kamazou don in yi sakandare. Da za ta koma ƙauye ta ce, "Duk ranar da kika yi masa ɓarna, jakarki za ki ɗauka ki dawo gona." Kawu kuwa ba shi da abin da yake ji da shi kamar ƙananan kifin nan da ke bayan kicin. Da tafiyar jana'iza ta kama shi, ni ya bar wa su.

Marka ake yi, kwana uku ba a ga rana ba. Bango ya jiƙe, wanki ya ƙi bushewa, ɗaki sai warin danshi. Na ƙara musu abinci, suka ƙi. Na sake ƙarawa. Na tsoma hannu na ji ruwan kamar na randa, sai tausayinsu ya kama ni. Na tuna yadda ake sirka wa jariri ruwan wanka. Na hura gawayi, na tafasa babbar tukunya, na juye musu.

Har yau in na rufe ido ina ganin fararen cikinsu suna juyowa sama ɗaya bayan ɗaya. Na kwashe su da matsami. Fiye da rabi sun tafi.

Kwana biyu ban iya cin tuwo ba. Na naɗe kayana na tura ƙarƙashin gado.

Yanzu an rushe tankin, an gina shagon caji a wurin. Na gama makaranta bara, amma ko shayi zan zuba, sai na ji ƙirjina ya buga.

A wancan makon, ranar Lahadi bayan coci Kawu ya dawo. Ya daɗe a tsaye bakin tanki, ni ina bayansa ina faɗin abin da na yi.

"Wato wanka kika yi musu," in ji shi. Bai yi dariya ba. "In ruwa ya yi sanyi cikinsu ba ya aiki, ba sa ci, ba sa girma. Ba ciwo ba ne. Rage abinci ake yi, a jira rana. Ni ne ban gaya miki ba."

Na ce, "Kawu, yaushe zan tafi?"

Ya juyo ya dube ni. Ƙarfe huɗu ne, yayyafi ya fara.

"Tafi ina? Je ki goge yunifom ɗinki, gobe Litinin."