Littafin da Na Mayar wa Malam

Masana tarihi sun lissafa abubuwan da ke rusa dauloli: zalunci, yunwa, rabuwar kai. Sun manta da takardar naɗe littafi.

A shekarata ta biyu ta karatu a Makka, kowane littafi nawa sai na yi masa riga da takarda ruwan ƙasa, al'adar da na taho da ita tun daga firamare. A cikinsu akwai wani tsohon labarin Turanci da na shigo da shi a ƙasan akwati. Labarin wani tsintacce ne mai yawon barance daga gida zuwa gida, yana sata, ana korarsa, yana sake suna. Ya bauta wa likita mai kashewa cikin ladabi, da alƙali mai barci a kan shari'a, da limamin coci mai wa'azin azumi da maiƙo a gemu. Ɓarawon ne mafi gaskiya a cikinsu. A gefen shafin limamin nan na rubuta da Larabci, da hannuna: "Wallahi na san irinsa a Hindawiyya."

A unguwar Hindawiyya malamina yake, dattijo haifaffen Makka, jikan alhazan Kano. Shi zai rubuta mini tazkiyya, takardar shaidar hali, wadda in babu ita ba za a sabunta mini gurbin karatu ba. Ya ara mini littafin fiƙihu, shi ma na yi masa riga. Ranar Asabar na mayar. Ranar Lahadi na ga fiƙihun a kan katifata. Ashe labarin Turancin na kai masa.

Abokin ɗakina, Basakkwace, ya dube ni ya ce, "Bature, wane jirgi za ka bi, na Kano ko na Abuja?"

"Malam ba ya jin Turanci."

"Larabcin fa? Shi ma ya manta?"

Kwana uku ban san ɗanɗanon abinci ba. A Harami ina sahu ina shirya ƙarya. Na ce a Hindawiyya ai akwai mutane da yawa. Sai in tuna gemun Malam, da yadda yake son kabsa, shinkafar Larabawa mai maiƙo. Na hango kaina a tashar jirgi, mahaifina yana tambaya, "Wane littafi?"

Ranar Laraba na hau tasi daga unguwarmu ta Aziziyya.

Na durƙusa gaban Malam. Littafin yana gefensa.

"Ya waladi, esh hada? Mene ne wannan? Na buɗe bango na ga rubutun Nasara, na rufe."

"Allah ya gafarta Malam, na koyon Turanci ne."

"Tayyib. Nawa littafin fa, ka karanta?"

Sauƙin da ya sauko mini ya sa bakina ya yi gaba. "Daga bango zuwa bango, Malam."

"Ma sha Allah. Har da farkonsa?"

"Farkon ma ya fi ratsa ni." Na ga fuskarsa a sake, na ƙara, "Sai maganar tazkiyyar nan, Allah ya gafarta Malam, lokaci na ƙurewa."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya turo mini littafina da ɗan yatsa guda.

"Je ka sake karanta farkon."

Na koma ɗaki na buɗe fiƙihun, karo na farko tun da aka ara mini shi. Tazkiyyar tana shafi na biyu, da sa hannu da hatimi. A ciki ya shaida cewa ni mai gaskiya ne.