Rashin Surukina, Bakaniken da Ya Mayar da Ni Bakin Aiki

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin mai ɗakina, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. An yi masa sutura a ranar, bayan azahar. Bakanike ne, ya shafe rayuwarsa yana gyaran babura a garejinsa da ke bayan tashar mota. Mutanen layin suna kiransa Mai Sifana, ni kuwa Baba nake ce masa. A wurin zaman makoki kowa ya faɗi abin da ya sani game da shi, ni kuma bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin dabbobi ne. Aikina shi ne bin makiyaya har inda suka sauka a cikin duwatsu, in yi wa shanu allura, in duba waɗanda haihuwa ta zo musu da gardama. Hanyoyin can ba na mota ba ne. Sawu ne siriri na ƙafa da kofato, ga tsakuwa, ga kwazazzabai, ga rafuka. Da babur nake shiga, har ranar da wata babbar mota ta banke ni a kan titi, aka yanke mini ƙafar hagu daga saman gwiwa.

Baba, ka san yadda na koma bayan an sallame ni daga asibiti. Na zauna a ɗaki, sanduna biyu a jingine kusa da ni. Makiyaya suna bugo waya, ina ce musu su nemi wani. Aka yi mini ƙafar roba, na iya takawa a tsakar gida, amma ba ta riƙe babur mai taya biyu a kan gangare. 'Yarka ce ta ɗauki nauyin gidan da keken ɗinkinta. Masu zuwa dubiya kowa da irin wa'azinsa na haƙuri. Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini wa'azi ba. Kakan zauna, ka tambayi jiki, ka yi wasa da jikokinka, ka tashi.

Wata rana da la'asar sai ga ka da a-kori-kura, an ɗoro wani babur mai taya huɗu a baya. Na hannu ne, fentinsa duk ya kwaile. Ka saye shi daga wani matashi da ya yi tsere da shi har ya gaji. Ka leƙo ɗaki ka ce, "Likita, fito ga jakinka."

Na ce, "Baba, da wace ƙafar?"

Ka ce, "Huɗu gare shi, kai kana da ɗaya. Biyar ba ta ishe ku ba?"

Tun da aka yi hatsarin ba wanda ya taɓa yi mini ba'a da ƙafar nan. Sai na ji ina dariya.

Ka ce ba za ka yi aikin ba sai ina wurin, tunda ni zan hau. Haka na riƙa zuwa garejin kullum da safe, ina zama a kan wani tsohon benci da ya sha baƙin mai. Ka tayar da injin, ka ce in saurara. Ka bayyana mini cewa babur ɗin lafiyarsa ƙalau, halinsa ne bai dace da ni ba. An ƙera shi don gudu a fili da tsalle. In aka ce ya tafi a hankali sai ya riƙa fizga, ko ya mutu, ko mutum ya ƙone kuloci wajen lallaɓa shi. Ni kuwa abin da nake bukata shi ne ya yi rarrafe a kan dutse ba tare da ya mutu ba.

Daga sarƙa ka fara. Akwai faranti biyu masu haƙora da sarƙar ke hawa, ƙarami a jikin inji, babba a tsakanin tayoyin baya. Da farko ka sa wanda ya fi girma a baya. Ƙarfin ja ya ƙaru, amma da ka gwada shi a kan tsakuwa sai farantin ya riƙa dukan duwatsu, saboda ya sauko kusa da ƙasa. Ka cire shi ba tare da ƙorafi ba, ka mayar da na da, ka sa ƙaramin gaba wanda haƙoransa suka ragu da ɗaya. Ka rage tsawon sarƙar, ka kuma yi waldar wani faifan ƙarfe a ƙarƙashi don ya kare ta. Gudun babur ɗin ya ragu sosai. Wani abokin sana'arka ya ce ka lalata abin tsere. Ka ce masa ai saniya ba ta gudu in tana naƙuda.

Sai maganar giya, wadda da ƙafar hagu ake taka ta. Ka lanƙwasa wani rodi, ka fito da shi ta gefen tanki, yadda zan tura da hannu. Amma hannun hagun shi ne kuma na kuloci. Wannan ya tsayar da kai kwanaki, kana kallon babur ɗin kana shafa gemu. A ƙarshe ka ciro mariƙin kulocin ka ɗaure shi a jikin rodin, hannu ɗaya ya matse ya tura. Ka gargaɗe ni cewa kada in canja giya a tsakiyar hawa, tunda hannuna zai bar kan babur. In zaɓi giyata tun daga gindin tudu, in bar ta a nan. Aikin da ka yi wa sarƙa shi ya sa giya ta biyu kaɗai take kai ni kusan ko'ina.

Shokozoba, wato abin da ke tare girgizar hanya, ita ce ta fi cin lokaci. Mai shi na da ya ɗaure sifirin ɗin tamau saboda tsalle, ko ƙaramin dutse aka taka sai mutum ya ji shi a ƙashin baya. Ka sassauta, ka canja man da ke ciki, ka rage iskar tayoyi. Da ka sassauta da yawa, sai ya riƙa durƙusawa yana buga ƙarfe a rami. Da ka ƙara ɗaurewa, sai bayan ya riƙa cilla mutum sama. Ka karɓi kular da nake zuba magunguna, ka cika ta da kwalaben allura da babu komai a ciki, ka ɗaure a baya. Kakan je wani fegi mai duwatsu a bayan gari, ka zagaya, ka dawo ka juya noti kaɗan, ka sake komawa. Ka ce sai ranar da kwalaben suka yi shiru za ka ba ni makulli.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne yadda kake yin gwajin. Ashe in ka isa fegin, naɗe ƙafarka ta hagu kake yi, ka ɗaure ta da robar taya, don ka ji abin da zan ji. A nan ka gano cewa mai ƙafa ɗaya ba ya iya danna gefen hagu in hanya ta karkace. Ka gano shi ne da jikinka, domin babur ɗin ya kife da kai a wani gangare, haƙarƙarinka biyu suka tsage. Ka ɓoye wa kowa, har sai da Inna, surukata, ta ga ba ka iya ɗaga buta. Ta yi faɗa iya faɗa, tana cewa tsofai-tsofai da kai kana wasan yara. Da na zo duba ka, kunya ta hana ni ɗaga kai. Ka ce, "Gara da ya kayar da ni a bayan gari, da ya kayar da kai inda babu kowa." Kana samun sauƙi ka koma gareji, ka ƙara wa tayoyin faɗi, ka sake daidaita sifirin na gaba, ka yi wa ƙafar robata mazauni mai bango don kada ta zame.

Ranar da na fara fita, ka bi ni a kan tsohon babur ɗinka har gindin dutse. Ka tsaya a nan ka ce daga nan ni kaɗai ne. Na hau. Babur ɗin ya bi sawun a hankali, bai mutu ba, bai fizge ni ba. Na isa wurin wani dattijon makiyayi da na daɗe ina duba masa shanu, na tarar ciwon huhu ya shiga garkensa, ya riga ya rasa maruƙa. Na yi allura har rana ta karkata. Da na sauko, kana nan zaune a gindin bishiya inda na bar ka. Ba ka tambaye ni yadda na ji ba. Ka durƙusa ka taɓa sarƙar, ka ce ta ɗan saki, in biyo ta gareji gobe.

Tun daga ranar nake ciyar da iyalina da hannuna.

Ba zan ce ba ka da naka halin ba. Kana da zafi a kan kayan aikinka. Wanda ya ari sifana bai mayar da ita mazauninta ba, zai ji abin da bai so. Samari da yawa sun bar garejinka da fushi saboda ka ƙi cire musu salansa, ka ƙi ƙara musu gudu. Amma mai turin baro da tayarsa ta karye, da matar da injin markaɗenta ya tsaya, ba su taɓa komawa da kayansu a lalace ba. Waɗanda ka koya wa aiki yau kowa yana da nasa garejin, kuma su ne suka yi ta rige-rigen ɗaukar makararka.

Kwana biyu kafin rasuwarka na zauna kusa da gadonka a asibiti. Na ga jikin ya yi nisa, sai na yi ƙarfin hali na fara yi maka godiyar da ban taɓa furtawa ba. Ka ɗaga hannu ka tsayar da ni. Ka ce, "Likita, ba don kai kaɗai na yi ba. 'Yata ba ta taɓa kawo mini kukan komai ba. Na dai lura ta daina dariya." Ka huta kaɗan, ka ce, "Ka riƙe mini ita." Na ce na riƙe, Baba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta rasa abokin zamanta na tsawon rayuwa, da mai ɗakina da 'yan'uwanta maza da mata, da jikoki, da dukan makanikan layin bayan tasha. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ya sauƙaƙa wa bayinka hanya a duniya, Ka sauƙaƙa masa tasa, Ka sada shi da rahamarka. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon cika amanar da ya bar mana, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.