Mai Jirgin da Ke Cikin Labarinmu

Ɗan wan babana ne ya kawo mana wasan, shekarar da ya dawo Yelwa daga bautar ƙasa. Yaya nake ce masa. Shi yake ba da labari, kowannenmu kuma ya ɗauki mutum guda a ciki ya zama shi. In an zo wurin haɗari sai ya dube ka ya ce, "To, mi za ka yi?" Ka faɗa, ka jefa dayis na ludo, lambar da ta fito ita ke nuna ka tsira ko ka faɗi.

Labarin wani gari ne da ruwan Kainji ya haɗiye, mutanensa suna raye a ƙasa, mu kuma muna neman ƙofarsa. A shagon wani tela abokinmu muke zama, duk ranar kasuwa bayan la'asar. Ni maharbi ne a ciki, telan boka.

Na ukunmu a 'yan wasan wani Bagunge ne, ɗan ƙabilar tsibiran nan masu yarensu daban, mai jirgi, da ke kawo kifi daga wani tsibiri ta wajen Ngaski. Da farko tsayawa yake a ƙofa yana saurare, har Yaya ya ce ya shigo. Ya zaɓi ya zama tsohon matuƙi mai jin maganar kifi. Rabin garin nan daga bakinsa ya fito: rijiyoyin, kukar bakin kasuwa, duk yadda kakarsa ta ba shi labarin ƙauyensu kafin ruwa ya ci shi.

Shekaru muka yi a haka. Muka yi aure, muka haihu, wasan bai tsaya ba. Mai jirgi yakan ƙetaro ko da hadari ya haɗu, ya shigo jiƙe sharkaf ya nemi gefen benci. Da 'yarsa ta rasu, mako ɗaya kawai ya fasa zuwa. Muka ce a ɗaga wasan. Ya ce, "A'a, a ci gaba. Nan kaɗai kaina ke hutawa."

Muna dab da ƙofar garin Yaya ya samu aiki a Abuja. Ya ce da Sallah za mu ƙarasa. Ya zo Sallah, bai samu lokaci ba. Ta gaba ma haka.

Wata rana telan ya miƙo mini wayarsa. Muryar Yaya ce, yana karanta labarinmu a intanet kashi-kashi, da sunansa shi kaɗai. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya yi wa tsohon matuƙi ne ya tsaya mini a rai. Ya mai da shi wawan bara mai tsoron ruwa, yana kwaikwayon yadda Hausar mai jirgi ke karyewa, kuma tun kafin tsakiyar labari wani kada ya cinye shi.

Na kira Yaya. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ai labarina ne. Kuma masu saurare na son abin dariya."

Na so in ɓoye wa mai jirgi, amma wani ya riga ya kunna masa a bakin ruwa. Ya same ni a shagon ya ce in sake sa masa. Ya ji har ƙarshe yana kallon ƙasa.

"Malam," ya ce, "haka nake magana?"

Na ce a'a.

"Haka nake yi. Amma ban san ɗan'uwanka yana ji mini haka ba."

Na gwada riƙe wasan da kaina bayan nan. Ban iya ba, ni ma na sani. Mai jirgi ya zo sau biyu don kada in ji kunya, sannan ya daina. Har yanzu yana kawo kifi ranar kasuwa. Mukan gaisa, ya tambayi iyali, ya koma jirginsa kafin la'asar.