Ramatu, wadda ta koya mini jira

Ranar Laraba da hantsi ina zaune a zaure ina shafa wa gwiwata man zafi, sai ga Sani, ƙanen Ramatu, ya sauko daga zemijan, ko mai babur ɗin bai sallama ba. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, Yaya Ramatu ta rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san tana asibiti, amma zazzaɓi aka ce mini, har na aika mata cewa ta yi maza ta tashi, yara na jiranta.

Ni na koyar da Ramatu a firamare a nan Zongo. A duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, babu ɗalibar da na kora waje saboda surutu kamarta. Sai Allah ya ƙaddara ita ce za ta karanci aikin taimakon yaran da magana ta yi wa wuya. Ranar da ta gaya mini, na yi dariya har da tari. Ta ce, "Mushe, wadda aka ba magana da yawa ai ita ya kamata ta raba."

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yaranmu da ke kai shekara uku bakinsu bai buɗe ba. A unguwar nan yaro yana jin Hausa a gida, yaren Mina a bakin titi, Faransanci wajen yayyensa. In ya yi jinkiri, wasu su ce harsuna ne suka yi masa yawa, wasu su ce a kai shi wajen wanzami a yanke masa jijiyar ƙarƙashin harshe. Ramatu ta ce babu wanda ya taɓa zama ya duba yaranmu da kyau, kowa zato yake yi, kuma da zato ake sa musu aska. Tana so ta bincika.

Bincike kuwa sai da kuɗi. Shekaru ta yi tana nema ana hana ta. Ban taɓa jin ta zagi masu hanawar ba. Abin da takan ce kawai shi ne, "Yaron da bai yi magana ba ba ya zazzaɓi, ba ya rama, shi ya sa masu ba da tallafi ba sa ganinsa." Da wata gidauniya ta amince a ƙarshe, abin bai taka kara ya karya ba. Ta sayi na'urar gwada ji da ta ɗaukar murya, da tabarmi, da 'yan motocin roba daga kasuwar Asigame. Sannan ta zo ta ce zaurena take so duk Asabar, kuma ni zan riƙa yi wa yara hira.

Tun rasuwar maiɗakina, kuma 'ya'yana duk suna nesa, nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai liman. Ramatu ta san haka. Ba ta taɓa nuna mini ta sani ba. Cewa ta yi binciken na bukatar tsoho mai kyakkyawar Hausa da ba ya gaggawar zuwa ko'ina.

Amma Asabar ta farko ta kama ni da laifi. Na ɗaga mota na tambayi wani yaro, "Mene ne wannan?" Kafin ya motsa baki na ce, "Mota! Ce mota!" Da iyaye suka watse ta ce, "Mushe, yau kai ne sarkin surutu. In ka yi tambaya, ka kama bakinka. Yaron yana hanya, kada ka tare shi." Na ce, "Yanzu ke ce za ki kore ni waje?" Ta ce, "Zauren naka ne, amma zan iya."

Cikin yaran akwai Nuhu, ɗan Idi mai zemijan. Ya kusa shekara huɗu, nuni kawai yake yi da yatsa. Ramatu ta gwada kunnensa, ta leƙa bakinsa, ta ce harshensa lafiya lau, babu abin yankewa. Idi bai gamsu ba. Ya ce, "Anti, ni ma an yanke mini, ga ni ina rigima da fasinja da harshe uku." Ta ce, "To, ka ga abin da yankan ya jawo mana." Ya yi dariya, amma ya kafe: in Babbar Salla ta zo yaron bai ce komai ba, wanzami zai kai shi. Ta ce ta yarda, ya ba ta zuwa lokacin. Ga Salla ta matso, Ramatu kuma ta riga ta tafi.

A wurin zaman makoki abokiyar aikinta ta gaya mini tallafin da sunan Ramatu aka bayar, ba ta san ko za a bari wani ya ci gaba ba. Ranar Asabar na shimfiɗa tabarmi duk da haka, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Mata biyu suka zo. Can sai ga Idi da Nuhu, ya ce gaisuwa kawai ya kawo shi.

Nuhu ya shiga ya tsaya gaban kujerar da Ramatu take zama. Ya dubi kujerar, ya dubi ƙofa, ya dube ni. Magana ta cika mini baki, ina so in ce masa ta yi tafiya. Sai na tuna, na kama bakina. Na jira shi har na ji kunyar mutane. Sannan ya dafa kujerar ya ce, "Anti?"

Kalma ɗaya ce, amma tambaya ce cikakkiya. Idi ya juya fuskarsa bango. Da zai fita ya ce, "Mushe, Asabar ƙarfe nawa?" Bai ƙara ambaton wanzami ba.

Ya Allah ka jiƙan Ramatu, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka saki harshenta ranar tambaya kamar yadda ta yi wahalar sakin na 'ya'yan mutane. Ka ba mahaifiyarta Hajiya Asabe da mijinta da 'ya'yanta mata biyu haƙurin wannan rashi, ka zame musu gata. Ka kawo wanda zai ɗauki aikin da ta bari. Mu kuma da ke jira, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.